Hau, Tashi da Ɗaga a Gaban Kalmomin Hawa na Turanci: Nazarin Ma'ana don Ajin Turanci a Lafia



Turanci yana da tarin aikatau da ke nuna motsi zuwa sama, kuma waɗanda ɗalibin sakandare ya fi cin karo da su su ne “rise”, “raise”, “lift”, “climb”, “ascend”, “mount”, “scale” da “soar”. Yadda aka saba koyar da su shi ne a jera su a allo a matsayin kalmomi masu ma'ana ɗaya, a ce wannan ta fi waccan nauyi ko ta fi ta ado, sa'an nan a ba kowace fassara guda da Hausa: “climb” ita ce hau, “rise” ita ce tashi, “lift” ita ce ɗaga. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa wannan hanya tana ɓatar da ɗalibi tun daga tushe. Bambancin da ke tsakanin kalmomin nan ba na yawan tsawo ba ne, ba kuma na ado kaɗai ba. Kowace daga cikinsu wani ɓangare ne na motsin take haskawa: wata tana kallon yadda jiki ya yi aikin, wata inda aka dosa, wata kuma ko akwai wanda ya sa abin ya motsa. Hausa ma tana rarrabe waɗannan ɓangarori, sai dai ba a wuraren da Turanci ya ja nasa iyakokin ba. Saboda haka malamin da ya san inda iyakokin harsunan biyu suka saɓa ya fi wanda ya haddace jerin fassara amfani ga ɗalibinsa.

Dalilin ɗora nazarin a kan Hausa a gari irin Lafia yana buƙatar ɗan bayani. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka mai da Lafia babban birninta, garin ya ƙara zama matattarar Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Mada da Tibi da Fulani, a kan zuriyar Barebarin da suka kafa masarautar. A kasuwa da tasha da filin wasan makaranta, Hausa ce ke haɗa su. Manufar ilimi ta ƙasa, a bugunta na 1977, ta yarda a fara karatun firamare da harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a muhallin yaro, kuma a cikin garin Lafia wannan harshe na biyu Hausa ne ko an rubuta ko ba a rubuta ba. In malamin Turanci ya ga aji ya yi tsit, da Hausa yake warware musu. To, tun da fassarar tana faruwa ko ana so ko ba a so, abin da ya rage shi ne a yi ta da sani.

Bari mu fara da “climb”, domin ita ce masana ilimin ma'ana suka fi tonawa. Charles Fillmore a 1982, da Ray Jackendoff a 1985, sun nuna cewa kalmar tana ɗauke da sassa biyu: dafe-dafe da hannu da ƙafa a jikin wani abu, da kuma nufar sama. Idan sassan biyu suka haɗu, kamar yaro a kan bishiyar mangwaro, kalmar tana zaune daram. Idan ɗaya ya ɓace, tana nan da ranta: jirgin sama ba ya dafa komai, amma Bature yana cewa jirgi ya yi “climb” zuwa wani tsayi, kuma biri yana iya yin “climb down” daga bishiya, wato ya sauko yana dafawa. Abin da kunnen mai Turanci ba ya karɓa shi ne a rasa sassan biyu a lokaci guda, shi ya sa ba a cewa jirgi ya yi “climb down”. Yanzu a gwada wannan da Hausa. Babu Bahaushen da zai ce biri ya hau ƙasa daga bishiya; dole a sauya aikatau ɗungurungum a ce ya sauko. Wannan gwaji kaɗai ya isa ya nuna cewa hau da “climb” ba tagwaye ba ne. Ɗalibin da aka gaya wa “climb” tana nufin hau, ranar da ya karanta “climb down” zai ga kamar marubucin ne ya ruɗe.

To me hau take kallo? Idan aka dubi abubuwan da take ɗauka a matsayin karɓau, amsar tana fitowa fili. Ana hawa doki da jaki da raƙumi, ana hawa babur da keke da mota da jirgi, ana hawa bishiya da dutse da tsani da bene, ana hawa mumbari da kujera da gadon sarauta. Tsakanin mai hawa duwatsun Eggon da ƙafa, yana nishi yana dafa duwatsu, da fasinjan da ya ɗora ƙafa ɗaya ya zauna a bayan ɗan acaɓa, babu kama ta fuskar wahala ko tsayi, amma aikatau ɗaya ne. Abin da ya haɗa su shi ne makoma: mutum ya ƙare a kan abin, abin yana ɗauke da shi. Karin maganar nan ta wanda ya hau motar kwaɗayi zai sauka a tashar wulaƙanci ta tabbatar da haka, domin babu wani tsayi a cikinta, zama a cikin abin hawa ne da barinsa. Turanci kuwa ya raba wannan fili gida-gida: “get on” ko “board” ga mota da jirgi, “mount” ga doki, “ride” ga zaman da ake yi a kai ana tafiya, “climb” ga bishiya da dutse. Cikin dukkansu “mount” ce ta fi kusa da hau, domin ita ma makoma take kallo, amma ita ce ɗalibi ya fi jimawa bai koya ba. Ita kuwa “scale”, wadda asalinta kalmar Latin ce ta tsani, tana son abu mai miƙewa tsaye kamar katanga, kuma tana nufin an kai ƙololuwa. A nan Hausa tana da haura, wadda ta ƙara da cewa an tsallaka ɗaya ɓangaren, kamar yadda ɓarawo ke haura katanga.

Lamarin tashi da “rise” ya fi wannan zurfi, kuma a nan ne nake ganin fassarar kalma da kalma ta fi yin ɓarna. “Rise” alkibla kawai take nunawa: abu yana yin sama, ba ya dafa komai, ba a ambaci wanda ya ɗaga shi ba, kuma ba ta ɗaukar karɓau. Hayaƙi da ƙura da farashi duk suna yin ta, kuma a waɗannan wurare tashi ta dace. Amma a saurari Hausar yau da kullum. Mota ta tashi daga Lafia zuwa Makurɗi. Kasuwa ta tashi. An tashi daga makaranta. Maƙwabtanmu sun tashi daga unguwar. Wane a Doma ya tashi. Injin ya ƙi tashi. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ya yi sama, kuma babu ko ɗaya da “rise” za ta fassara. Zaren da ya ratsa su shi ne barin wurin zama ko barin halin kwanciya. Wato yayin da hau ke kallon inda aka ƙare, tashi tana kallon inda aka baro, kuma yin sama wani reshe ne kawai na wannan ma'ana, domin wanda ke zaune ko kwance in zai bar wurinsa sai ya miƙe. Daga ɗaya ɓangaren kuma, akwai wuraren da Turanci ke amfani da “rise” amma Hausa ba ta yarda da tashi ba. Rana ba ta tashi da safe, fitowa take yi, sai can da hantsi a ce ta ɗaga. Lokacin da Binuwai ya yi ambaliya a 2012 da 2022, ya shafi garuruwan bakin kogi a kudancin jihar nan, rahoton Turanci zai ce ruwa ya yi “rise”, mutanen bakin kogi kuwa cewa suke kogi ya kawo, ya cika, ya tumbatsa.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan tana cikin maganar zuci. George Lakoff da Mark Johnson, a littafinsu na 1980 kan siffantawa a harshen yau da kullum, sun nuna cewa a Turanci farin ciki da lafiya da alheri duk sama ake kai su, baƙin ciki kuma ƙasa. Don haka in aka ce ran mutum ya yi “rise”, daɗi ya ji. A Hausa kuwa, in hankali ya tashi babu alheri, in ya kwanta ne ake hamdala. Tashin hankali fitina ne, tashin zuciya alamar amai ce. Da a ce tashi tana nufin yin sama kawai, kuma sama alheri ne, da waɗannan maganganu sun zama abin mamaki. Amma in aka fahimci cewa ma'anarta barin natsuwa ne, sai komai ya zauna a wurinsa. Wannan ba ya nufin Hausa ba ta ɗaukar sama a matsayin daraja. Tana da ɗaukaka, tana da na sama da na ƙasa a wurin aiki. Abin da ya nuna shi ne ba tashi ce ke ɗauke da wannan nauyi ba.

Sai rikicin “rise” da “raise”, wanda duk mai gyaran takardun jarrabawa ya sani. A nan Hausa taimako take yi, in an bari. Bambancin kalmomin biyu na nahawu ne: ta farko ƙi-karɓau ce, ta biyu so-karɓau ce mai nuna cewa wani ne ya sa abin ya yi sama. A tarihi ma haka suke, domin “raise” ta shigo Turanci ne daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, inda take sigar sa-aiki ta tushen da ya haifi “rise”. Hausa tana yin wannan aiki da tsari, ba da kalmomi biyu masu kama da juna ba. A rabon aikatau zuwa giredi bakwai da F. W. Parsons ya yi a 1960, wanda Paul Newman ya faɗaɗa a babban nahawunsa na 2000, giredi na biyar shi ne ke ba mu fitar da daga fita, saukar da daga sauka, tayar da daga tashi. Yaron da ba ya taɓa cewa ya tashi ƙaninsa tsaye in yana nufin ya tayar da shi ya riga ya mallaki ilimin da ake buƙata. Abin da ya rage a nuna masa cewa tashi da tayar da su ne hoton “rise” da “raise” ta fuskar nahawu. Amma a yi hattara, kamancin na nahawu ne kawai. Ta fuskar ma'ana, “raise” ta bazu zuwa inda Hausa ke da kalmomi dabam-dabam: ana ɗaga hannu da murya da tuta, ana ƙara albashi, ana tara kuɗi, ana renon yara, ana kiwon kaji, ana ta da magana. Ita kuwa “lift”, wadda take da dangantaka da tsohuwar kalmar iska ko sarari, tana jaddada nauyi da rabuwa da ƙasa, shi ya sa ake yin ta ga buhun gyaɗa, kuma Hausa a nan tana tsakanin ɗaga da ɗauka da cira. Wani abin lura a gefe: ɗage a Hausar jarida tana aiki biyu. An ɗage takunkumi yana daidai da “lift”, amma an ɗage zaɓe, kamar yadda aka yi a 2015 da 2019, jinkirtawa ne, kuma mai fassarar da ya mayar da shi “lift” ya ce an soke abin da aka matsar da shi gaba kawai.

Akwai kuma abin da Hausa ke faɗa wanda babu ɗaya daga cikin kalmomin Turancin nan da ke faɗa. Giredi na shida, mai ƙarewa da wasalin o, yana nuna cewa motsin ya nufo mai magana: hau da hawo, tashi da taso, ɗaga da ɗago, sauka da sauko. Wanda ke saman bene yana cewa hawo, wanda ke ƙasa yana cewa hau. Turanci sai ya ajiye “climb” da “ascend” gefe ya koma ga “come up” da “go up” kafin ya iya wannan. Wannan ya haɗu da rabon da Leonard Talmy ya yi a 1985, inda ya nuna cewa harsuna irin Turanci sun fi zuba yanayin motsi a cikin aikatau su bar alkibla ga ƙananan kalmomi irin “up” da “down”, wasu harsuna kuma, irin Sifaniyanci, sun fi zuba alkiblar a cikin aikatau. Hausa, da shiga da fita da hau da sauka, ta fi karkata ga rukuni na biyu. Ya hau da gudu muke cewa, alkibla a aikatau, yanayi a bayansa, inda Bature zai ce “he ran up”. Sakamakon wannan ga koyarwa babba ne. Kalmar da ta fi ɗaukar nauyin motsi zuwa sama a Turancin yau da kullum ita ce ƙaramar “up”, amma ita ce ba ta shiga jerin da ake rubutawa a allo.

A kan “ascend” ba sai an daɗe ba. Daga Latin take, tana cikin ɗimbin kalmomin Faransanci da Latin da suka cika Turanci a ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar Ingila ta 1066, kuma har yau tana da ƙamshin fada da coci da littafi. Ta fuskar ma'ana alkibla ce tsantsa, don haka ba a haɗa ta da “down”. Lokacin da Mai Martaba Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, ya zama Sarkin Lafia a 2019, Turanci “ascend” zai nema, domin “climb the throne” zai sa mai karatu ya hango mutum yana dafa kujera. Hausa kuwa hau ɗin nan ta babur ita ce ta gadon sarauta, ba tare da ta rage wa sarki komai ba. Girmamawar tana cikin karaga da gadon sarauta da kirarin da ke biye.

Inda bambancin kalmomin ya fi amfani ga mai karanta jarida shi ne maganar farashi. Bayan sanarwar janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta bar ƙasa da naira 200 ta wuce naira 500 a garuruwan Arewa cikin 'yan kwanaki. Marubucin Turanci da ya zaɓi “rise” bai faɗi komai ba sai alkibla. Wanda ya zaɓi “climb” ya ɗauko sashen nan na dafe-dafe ya nuna hawa a hankali, mataki-mataki, wanda bai dace da abin da ya faru a makon ba. Wanda ya zaɓi “soar”, kalmar tsuntsun da iska ke ɗauka, ya nuna nisa da sauri ba tare da wani cikas ba. Hausa ba ta gaza a nan ba: farashi ya tashi, ya haura naira kaza in ya tsallake wata iyaka, ana fama da hauhawar farashi in abin ya zama hawa bayan hawa, ya yi tashin gwauron zabo in ya fita hankali. Ke nan ma'anar asali ta jiki ba ta mutuwa in kalma ta koma siffantawa, kuma ɗalibin da ya san ta zai iya hasashen inda kalmar za ta dace ko da bai taɓa ganin jimlar ba.

Za a iya cewa wannan duk tsohon yayi ne. Kwatanta harsuna don hasashen kuskuren ɗalibi shi ne abin da Robert Lado ya yi kira gare shi a 1957, kuma bayan maƙalar Pit Corder ta 1967 masana sun nuna cewa kurakurai da yawa ba daga harshen uwa suke zuwa ba, daga cikin harshen da ake koyo suke tsirowa. Wannan suka gaskiya ce, kuma rikicin “rise” da “raise” shaida ne a kanta, tun da masu koyo daga harsuna mabambanta suna faɗawa cikinsa, saboda kalmomin sun yi kama a baki da a rubuce. Sai dai abin da aka rushe shi ne da'awar cewa kwatanci yana hasashen dukkan kurakurai. Ba a rushe cewa yana bayyana wasu ba, kuma a fagen ma'anar kalmomi tasirin harshen da mutum ya riga ya sani a fili yake. Ban da haka, maƙalar nan ba ta ɗauki Hausa a matsayin tushen cuta ba. A misalin tashi da tayar da, kuskuren ba daga Hausa ya zo ba, amma maganinsa daga Hausa ya zo.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi a Lafia: ajin ba na Hausawa zalla ba ne, kuma jingina darasin Turanci da Hausa na iya zama fifita wasu yara a kan wasu, a jihar da batun harshe da asali ba abin wasa ba ne. Amsa ita ce abin da ake so ɗalibi ya tafi da shi tambayoyi ne, ba kalmomin Hausa ba. Abin da kansa ya motsa ko wani ya motsa shi? Yana dafe da wani abu ko a sarari yake? Inda ya baro ake kallo ko inda ya ƙare? Ya nufo mai magana ko ya yi nesa da shi? Yaron da ya tashi da Eggon ko Alago ko Tibi zai iya ɗora waɗannan tambayoyi a kan harshen gidansu, kuma malamin da ya nemi aji ya kawo yadda ake faɗin hawa bishiya da hawa babur a harsuna uku ko huɗu ya koyar da darasin fiye da wanda ya tsaya ga Hausa kaɗai. Sassan nazarin harshe na Jami'ar Tarayya ta Lafia da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi da Kwalejin Ilimi ta Akwanga suna zaune a tsakiyar waɗannan harsuna, kuma irin wannan kwatanci aiki ne da ɗalibin ajin ƙarshe zai iya yi da kunnensa da littafin rubutunsa.

Suka ta uku ita ce wa ya ce “climb okada”, wato hawa acaɓa, kuskure ne? Turancin Nijeriya yana da 'yancinsa. David Jowitt ya bayyana sigoginsa a littafinsa na 1991, kuma a Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, har da “okada” kanta. A titin Jos ko bakin kasuwar zamani ta Lafia, wanda ya ce “climb okada” an fahimce shi sarai, kuma babu dalilin da malami zai kunyata yaro a kan maganar da kowa ke yi. Amma yarda da wannan bai share aikin malami ba, ya ƙara masa ne. Jarrabawar WAEC da NECO da JAMB har yanzu da ma'aunin daidaitaccen Turanci suke gwada zaɓen kalma, kuma ɗalibin da zai karanta littafin kimiyya ko rahoton tattalin arziki yana buƙatar sanin abin da marubucin ya nufa da ya ce “climb” bai ce “soar” ba. Don haka ya kamata jan biro ya bambanta abu biyu. “Climb okada” faɗaɗa ma'ana ce da al'umma ta amince da ita, sai a gaya wa ɗalibi inda take karɓuwa da inda ba ta karɓuwa, a ba shi “get on” ya riƙe don takarda. “Rise your hand” da “the price has raised” kuwa ba Turancin Nijeriya ba ne da wani mai ilimi zai tsaya ya kare. Karya dokar so-karɓau da ƙi-karɓau ne, kuma waɗannan a gyara su nan take, a sa yaron ya faɗi jimlar da tashi, ya sake faɗinta da tayar da ko ɗaga, sa'an nan ya zaɓi ta Turancin da kansa.